Takwaran Mai Lori

Na san cikinku akwai masu cewa Raliya ta cika mai da ƙaramin abu babba. To yau ku gyara zama ku ji ƙaramin abin da ya kusa raba ni da shantata, akwatin aikina, in kun gama dariyar sai ku faɗa mini abin da za ku yi da ku ne a matsayina.

Ga wanda yau ya fara jin muryata: ni ɗiyar Malam Sambo ce, mai hawasha, wato gonar auduga, a bakin tur'ar da ke kawo ruwan noma, yamma da Hasahisa. Garinmu kaf Hausawa ne, kuma ba mu da daya, wato ungozomar da ta yi makaranta. In haihuwa ta zo da gardama, kan angarib, gadon nan na igiya, ake ɗora mace, maza su ɗauka a kafaɗa zuwa bakin hanya, a tsaya jiran lori. Shi ya sa da shehun gari ya ce a ba da mace ɗaya ta tafi makarantar dayoyi a Madani, na dinga bin Baba da shayi da kuka har ya gaji ya yarda. Sai aka ce makarantar ba ta karɓar budurwa. Nan aka ɗaura mini aure da wanda dama zuciyata ke wurinsa, bisa sharaɗin ba zan tare ba sai na dawo da shanta, akwatin ƙarfen nan da ake ba wadda ta ci jarrabawa, da almakashinta da magungunanta a ciki.

Direba ne. Siminti yake ɗauka zuwa Damazin, inda ake ginin madatsar ruwa, kuma hanyarsa ta bayan katangar makarantarmu take. Maza ba sa shiga, mu ba ma fita, don haka da hon yake yi mini magana. Akwai na "na wuce lafiya", akwai na "na dawo", akwai kuma wani mai jan rai da yake lanƙwasawa a ƙarshe kamar mai rera waƙa. Wannan in ya busa shi, Mero, ƙawata 'yar wajen Sinnar da muke ɗaki ɗaya, sai ta dafe ƙirji ta faɗa kan gado.

"Wayyo, a taimaka mana, an ce ana kewar wata!"

"Ke Mero, lorin wani ne."

"To me ya sa kunnenki ya miƙe kamar na jaki?"

Sunansa kuwa, ku yi mini haƙuri. Mijina ne, an ɗaura. A gidanmu ban taɓa jin Inna ta kama sunan Baba ba, ko na maƙwabcin da suke suna ɗaya. Bari malamarmu ta faɗa muku shi da bakinta, tunda ita ta jawo mini wannan masifa.

Sit Nafisa Balarabiya ce doguwa, da tsage a kumatu, farin tob ɗinta, mayafin da take naɗe jiki da shi, ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kai. Yawancinmu ba mu iya karatu ba, to da hannu da hanci take koya mana. A rufe maka ido a miƙo kwalba, ka shinshina ka faɗi maganin. A duba farcenka kowace safiya. Wankin hannu kaɗai sai da muka yi ta yi har fatarmu ta yi fari kamar ta mai wankau. Kafin a bar mu mu taɓa mace mai rai, sai mun ƙware a kan Hajja.

Hajja ƙugun mace ne na katako da aka lulluɓe da fata, tana zaune bisa tebur a tsakiyar aji. Ta haihu ya fi a ƙirga, ba ta taɓa cewa wash ba. Ranar da aka fara darasinta, Sit Nafisa ta buɗe wani akwati ta ciro jariri na tsumma, mai nauyi kamar na gaske, kansa na fata, cibiyarsa igiya ce da aka tufka da jan zare da shuɗi. Ta rungume shi a kafaɗa tana bubbuga bayansa.

"Ya banat, 'yan matana, ku gaishe shi. Wannan ne ɗanku na fari, ku duka. Sunansa Abdussalam."

Mero ta taka mini ƙafa. Sunan mai lori ke nan.

Tsarin Sit Nafisa shi ne, duk abin da hannunka ke yi, bakinka ya faɗe shi da ƙarfi, da sunan jaririn a ciki. Ta ce wadda ta saba riƙe shi kamar tsumma, ran da aka miƙo mata ɗan mutane haka hannunta zai riƙe shi. Ita ke tsayawa bayan Hajja tana turo shi yadda ta ga dama, yau da kai, gobe da ƙafa, jibi da cibiya a wuya. Ɗaya daga cikinmu kuma ta zama habboba, tsohuwar da ba a raba ta da ɗakin haihuwa, ta yi ta tsoma hannu tana kawo toka a zuba a cibiya, ke kuma ki hana ta. Mero ce gwanar wannan, har ɗingishi take ƙarawa.

Da layi ya zo kaina, na wanke hannu, na durƙusa gaban Hajja. Hannuna bai yi kuskure ko ɗaya ba, wallahi.

"Kan... kansa ya fito. Na duba wuyansa."

"Wuyan wa?" in ji Sit Nafisa.

"Wuyan... ɗan nan."

"Ɗan nan ba shi da suna?"

"Wuyan malam."

Aji ya fashe da dariya. Ita ko gezau.

"Koma ki zauna. Malam ya mutu tun kina neman abin da za ki kira shi."

Haka muka yi ta yi. Na kira shi wane, na kira shi bawan Allah, na kira shi mai sunan mutane. Wata rana har "direba" ta kuɓuce mini, Mero ta yi dariya har sai da aka kore ta waje. Ranar ce ta tausaya mini, ta je ta faɗa wa Sit Nafisa dalili. Na ɗauka shi ke nan, za a sake wa tsumman suna. Sai Sit Nafisa ta kira ni ofishinta, ta zuba mini shayi da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ya bitti, ɗiyata, ni ma uwata ba ta kiran sunan ubana. Na san abin da kike ji. Amma ba zan canza ba."

"Sit, hannuna ai ya iya."

"Hannunki ya fi na kowa a ajin nan. Bakinki ne nake tsoro. Ran da jini ya ɓalle a garinku, ke za ki leƙa waje ki ce wa dattijo mai gemu ya ruga ya tare lori. Ke za ki ce wa sa'ar kakarki ta cire hannunta. In suna ɗaya ya gagare ki a gaban katako, wa zai ji muryarki ranar? Ranar jarrabawa in ba ki kira shi ba, sai ki maimaita zango."

Maimaita zangon nan shi ne ba ni da shi. Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifin mai lori, ita ta raine shi tun rasuwar uwarsa, kuma tun farko makarantar nan ba ta kwanta mata ba. Ta riga ta faɗa a gaban Baba: in an gama tsintar auduga amarya ta tare, da akwati ko ba akwati. Baba kuma ya ce ya ji. Kun ga ke nan jarrabawa ɗaya gare ni. In na faɗi, na koma gida hannu sake, matan garinmu su ci gaba da hawa angarib zuwa bakin hanya.

Da aka ba mu hutun ƙaramar Sallah na zo gida da niyya. Na samo tsohuwar jallabiyar Baba na yanka, na cusa mata audugar hawasharmu, na ɗinka jariri. Ido na yi masa da gawayi, hancin kuwa ya fito kamar ƙullin goro. Wani kwando da gindinsa ya cire ya zama Hajja.

Washegarin Sallah da hantsi, Inna ta tafi gaishe-gaishe, Baba ya fita duba ruwa a tur'a. Ina sanye da rigar Sallata mai ruwan ganye, lallen hannuna bai gama yin baƙi ba. Na kewaya bayan rakuba, rumfar da muke shan inuwa, inda zana ta raba gidanmu da hanya. Daga ni sai akuyar Inna. Na wanke hannu, na durƙusa gaban kwando.

"Ab..."

Na dubi akuya. Ita ma ta dube ni.

Na ce a raina, Raliya, tsumma ne, ke kika ɗinka shi, rigar ubanki ce. Na rufe ido na furta a hankali. Ba abin da ya same ni. Akuya ta ci gaba da tuƙa. Na sake faɗa. Ku yarda da ni, sunan nan daɗi gare shi a baki, ban taɓa sani ba. Kafin in ankara na saki murya kamar ina gaban Sit Nafisa.

"Abdussalami ya taho da ƙafa. Na kama ƙafafun Abdussalami, na juya shi. Abdussalami ya saki jiki, ba ya motsi. Na share masa baki. Na mari tafin ƙafarsa. Na sa bakina a bakin Abdussalami..."

"La'ilaha illallahu!"

Na ji ƙarar kwano a ƙasa. Na leƙa ta ɓular zana. Gwaggo Yalwa ce tsaye a hanya, cikin baƙin tob ɗinta na fita unguwa, dabino da ka'ak, biskit ɗin Sallah, da ta kawo mana sun watse a ƙura.

Ba ta shigo da sallama ba. Ta kewayo ta ƙofa tana salati, ta tsaya a kaina, ta leƙa bayan randa, ta leƙa bayan rumbu.

"Ina shi? Ina kika ɓoye shi? Da rana tsaka, ba a tare ba!"

"Gwaggo, ba kowa. Ga shi nan." Na ɗago tsumman da ƙafa ɗaya.

Ta ja da baya. "Mi ne ne wanga? Asiri kike yi mishi?"

Kafin azahar an cika rakubarmu. Baba na kan angarib, Inna na bakin murhu tana gasa bunni, 'ya'yan gahawar da ake dafa jabana da su, ta ƙi ɗago kai. Ni ina durƙushe, tsumma a gabana kamar ɓarauniya da kayan sata. Gwaggo ta maimaita duk abin da ta ji, ba ta rage ko ɗaya ba, har da marin. Da ta zo wurin baki a baki, Baba ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Ya ce hayaƙin bunni ne.

"Malam Sambo, ba abin dariya ba ne. Mu munka ba da ɗiya ta koyo karɓar haihuwa, sai anka koya mata kiran sunan miji gatsal, kamar tana kiran kare. Gobe sai ta kira ni Yalwa. Ba ta komawa."

Ana cikin haka muka ji tsayuwar lori a bakin masallaci. Mai lori ya yi sallama ya shigo, farar jallabiya sabuwa, jan takalmin markub a ƙafa, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Inna, ya gaida Gwaggo. Ni ya yi kamar bai gan ni ba, yadda ya kamata. Sai idonsa ya sauka kan tsumma.

"Wannan fa?"

"Kai ne," in ji Gwaggo. "An kama ka da ƙafa, an mare ka."

Da aka yi masa bayani, ya ɗauki tsumman da hannu biyu, ya juya shi, ya daɗe yana kallon fuskar.

"Baba, a yi mini adalci. Marin na yafe. Amma hancin nan, ni na yi wa Sit Daya wani laifi ne?"

Inna ta saki dariyar da take riƙewa tun ɗazu, har bunni ya zube. Ni da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Ka ga irinta ko?" Gwaggo ta nuna shi da yatsa. "Kai ke ɗaure mata gindi."

"Gwaggo, ni da za a bi tawa, a bar ta ta gama. Takwarana ma ya sha wuya a hannunta, kar wuyar ta tafi a banza."

Baba ya sauke rawani ya yi gyaran murya. "Yalwa, ke kin ji da kunne. Bari mu gani da ido. Raliya, yi abin da ake koya muku. Sunan ki aje shi gehe."

Na kawo ruwa da sabulu na wanke hannu har gwiwa. Na ajiye kwando. Na yi komai a hankali ina faɗa, "wane" a inda sunan yake. Gwaggo ta juya mini ƙeya tana kallon zana. Na fito da shi, na ce ya zo shiru, ba ya numfashi. Na naɗe yatsa da tsumma mai tsabta na share bakin, na murza bayansa, na kwantar da shi, na ɗan ɗaga haɓarsa, na hura kaɗan, iya abin da kumatu ke riƙewa.

"Tsaya."

Ban san lokacin da Gwaggo ta juyo ba.

"Wanda ya zo shiru, hura mishi ake yi?"

"E, Gwaggo."

"Shi tashi?"

"Ba duka ba. Amma wasu suna tashi."

Ta sa hannu ta gyara wa tsumman ƙafar da ta lanƙwashe.

"Nawa duk shiru sunka zo," ta ce, ba da kowa take ba. "Anka lulluɓe su anka hita da su. Ba wanda ya hura."

Inna ta zuba jabana a finjali ta miƙa mata. Ta kurɓa, ta ajiye, ta share ido da bakin tob, sai ga Gwaggon da muka sani ta dawo.

"Ta koma. Amma sharaɗina shina nan, auduga na ƙarewa ta tare. Kuma ran jarrabawar ni zan tahi da ƙahwata in ga matar nan, in tambaye ta ko sunaye sun ƙare a duniya."

Na ɗauka faɗa ce kawai ta tsofaffi. Ranar jarrabawa da safe, muna jere cikin fararen tob, an goge Hajja da mai har tana sheƙi, wata babbar sista da ta zo daga Khartum na zaune da tabarau a kan hanci, sai ga mai gadi ya leƙo ya ce wata tsohuwa ta ƙi tsayawa a ƙofa. Gwaggo ce, ta shigo da carbi a hannu. Ɗan nata ne ya kawo ta a gaban lori, ya tsaya a waje ƙarƙashin darbejiyar da ke jikin katanga, daidai tagar ajinmu. Ni ban san yana wurin ba. Ku riƙe wannan, don kar ku ce da gangan na yi.

Larabcin Gwaggo na kasuwa ne, sai aka sa Mero ta yi tafinta.

"Ce mata, mace mai hankali ba ta sa wa tsumma sunan mijin mutane."

Mero ta juya ga Sit Nafisa. "Ta ce tana gaishe ki da aiki."

"Ce mata ta lalata mini suruka."

"Ta ce surukarta ta ƙaru ƙwarai."

Sit Nafisa ta dubi fuskar Gwaggo, ta dubi Mero. Ta fi shekara ashirin tana koyar da Hausawa, ba na jin ko kalma ɗaya ta wuce ta. Murmushi kawai ta yi.

"Allah ya kawo mana habboba ta gaske. Mero, koma layi. Ya habboba, zo ki zauna kusa da mai naƙuda. Duk abin da kike yi a ɗakin haihuwa a garinku, yi shi a nan. Raliya, bismillah."

Gwaggo ta dubi Hajja sama da ƙasa.

"Wagga ba ta da kai?"

"Ba ta da shi, Gwaggo."

"To, ta huta."

Amma tana zama sai abin ya shige ta. Ta rataya carbi a wuya, ta ɗaure tob a ƙugu, ta fara shafa katakon tana cewa sannu, sannu ɗiyata, yi nishi. Ina wanke hannu ta ce in bar wasa da ruwa mace na mutuwa. Sit Nafisa ta fara turo jaririn, da ƙafa ta turo shi, abin da na fi tsoro. Sai Gwaggo ta miƙe ta dafa cikin Hajja da hannu biyu za ta danna, kamar yadda ake yi a gida.

Na ɗaga kai. Sistar Khartum na kallona ta saman tabarau.

"Gwaggo... don Allah..."

Ta ƙara dannawa.

"Gwaggo, cire hannunki! Koma can ki riƙe fitila."

Ni kaina sai da muryar ta ba ni tsoro. Ta zaro ido ta dube ni. Na ce yau aurena ya mutu. Sai ta cire hannun, ta ja da baya, ta ɗauki fitilar da ke kan tebur ta ɗaga, fitilar da ko kunna ta ba a yi ba.

Na kama ƙafafun, na bar jikin ya sauko da nauyinsa, na fito da hannu ɗaya, na fito da ɗayan. Ina faɗa, amma "shi" nake cewa, "shi" da "nasa". Na ga bakin Sit Nafisa ya tsuke. Kan ya fito. Ta sake shi a hannuna ya yi laƙwas.

"Ya zo shiru," ta ce. "Ba ya numfashi. Wa ne ne ba ya numfashi, ya Raliya?"

Na share bakin. Na murza bayan. Sunan ya ƙi fita, ga Gwaggo tsaye a kaina da fitila. A gaban akuya daban, a gaban matar da ta raine shi daban.

"Wane..." na fara.

Sit Nafisa ta sauke ido. Sista ta ɗauki alƙalaminta.

Sai na ji an damƙi kafaɗata. Gwaggo ce, fitila a ɗaya hannun.

"Ke, mi kike jira? Hura mishi! Kira shi, kar shi tahi! Kira sunanshi, don ubanki!"

Hawaye ne a fuskarta. Ba tsumma take gani ba.

Na hura. Na murza. Na buɗe baki da duk ƙarfin da Allah ya ba ni.

"Abdussalami!"

"Na'am!"

Daga bayan katanga amsar ta zo, da ƙatuwar murya, irin ta wanda aka tasa daga gyangyaɗi.

Sai Mero ta zube ƙasa. Daga nan ba wadda ta iya tsayuwa, wasu sun cusa tob a baki, wasu sun rungume juna. Sistar Khartum ta tambayi abin da ya faru, aka faɗa mata, ta cire tabarau ta kifa kai a kan tebur. Ni ina durƙushe da tsumma a ƙirji, na kasa ɗagowa.

Sit Nafisa kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyo ta kara kunne a ƙirjin jaririn, ta ɗago.

"Ya amsa. Yana da rai. Ƙarasa aikinki, ya daya, cibiya na jiranki."

Na ɗaure cibiya, na yanke, na karɓi mabiyiya na duba ta, ina kiran sunan a kowace gaɓa, tunda abin da ake gudu ya riga ya faru. Gwaggo ta ajiye fitila ta karɓi jaririn ta naɗe shi da gefen tob ɗinta. Da ƙyar aka raba ta da shi.

Bayan la'asar aka jera shantoci a baranda, kowace da sunan mai ita da farin fenti. Tawa na ƙarshen layi. Na sa hannu zan ɗauka, Sit Nafisa ta ɗora ƙafarta a kan murfin.

"Nauyi gare ta. Ga mai lori can a bakin ƙofa tun safe. Kira shi ya ɗaukar miki."

"Sit, zan iya..."

"Kira shi. Yadda kika kira ɗazu."

'Yan ajinmu sun yi cirko-cirko a bayana, Mero a gaba. Can bakin ƙofa yana jingine da lorinsa, ya harɗe hannu, yana wani murmushi da ya nuna labari ya riga ya kai masa. Na juya wurin Gwaggo ko za ta cece ni. Ta ja tob ta rufe kunnuwanta biyu, ta ɗaga kai tana kallon rufin baranda.

"Ni tun ɗazu kunnena ya toshe," ta ce. "Ki yi maza, rana na faɗuwa."

Ya ɗago hannu ya kara a bayan kunnensa, yana jira.